Rabin ajina na da waya, rabi babu: ta yaya zan koyar ban zalunci kowa ba?

Tambaya: Ni malama ce a wani CEG (ƙaramar sakandare) cikin garin Zinder, ina koyar da lissafi a ajin turwaziyam, wato ajin ƙarshe, yara 78 masu shirin jarrabawar fita ta BEPC. Na buɗe musu gurup na WhatsApp ina tura atisaye da gyaransa, amma 23 ne kawai suka shiga, kuma su ne makinsu yake ta hawa. An ba makarantarmu kyautar tablet 10 da kwamfutar hannu ɗaya, suna nan kulle a ofishin darakta. Yaya zan yi amfani da waɗannan kaya ba tare da na bar yaran da ba su da komai a gida a baya ba?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika ƙirga. Da yawa daga cikinmu in muka ga makin wasu yara ya hau sai mu yi murna, ba mu duba su waye suka hau ba, su waye kuma suka tsaya cik. Na daɗe da alli a hannu kafin na koma zagaya makarantu ina ba malamai shawara, cikin birni da ta wajen Miriya, Magariya da Matamaye, kuma wannan damuwa taki na ci karo da ita a wurare da yawa.

Ga ƙa'idar da nake ba kowane malami, kuma ina roƙonki ki fara aiki da ita tun gobe: duk abin da za ki ba wa maki, ya zama an yi shi cikin aji, ko kuma kowane yaro ya tafi da shi gida a rubuce cikin kayensa, wato littafin rubutunsa. Ranar da atisaye ya isa ga yaro ta waya kaɗai, kuma ya shiga lissafin maki, to aljihun ubansa kika auna. Sa'o'in da yara suke gabanki su ne kaɗai lokacin da ɗan babban ɗan kasuwa da 'yar mai sayar da ƙosai suke zaune kan benci ɗaya, suna kallon tablo ɗaya. Saboda haka can ne ya kamata na'ura ta yi aikinta, can ne kuma za mu kai tablet ɗin nan goma.

Kafin nan sai kin san ainihin abin da ke hannun kowa, don kalmar "yana da waya" tana ɓoye abubuwa da yawa. Akwai yaron da wayar tasa ce, da kuɗin forfe (kuɗin intanet) a kai a kai. Akwai wanda wayar ta babansa ce, baban kuma yana kasuwar Dole ba ya shigowa sai bayan isha'i, wayar ta kusa mutuwa. Akwai wanda babbar wayar gidansu ta bi yayansa ci-rani zuwa Kano ko Aljeriya. Akwai gidan da ke da ƙaramar waya mai maɓallai, ba ta WhatsApp amma tana ɗaukar katin memori tana kuma kama rediyo. Akwai gidan da babu kuran (wutar lantarki) sam, sai an kai wayar wurin mai caji an biya dala goma ko ashirin. Sannan ga 'yan mata, waɗanda ko da wayar tana gidan, sau da yawa ba a sakar musu ita, ga kuma jarka da layin famfo suna jiransu, don kin san halin da garin nan yake ciki da ruwa, musamman da bazara.

Kada ki tambaye su a bainar jama'a. Ni na taɓa yin wannan kuskure, kuma har yau yana damuna. Na tsaya gaban aji na ce duk wanda gidansu akwai waya mai intanet ya ɗaga hannu. Wata yarinya da ke zama a benci na biyu, mai tsabtar kaye da kyan rubutu, ta waiga hagu ta waiga dama, ta ga ƙawayenta sun ɗaga, ita ma ta ɗaga nata a hankali. Mako uku tana zuwa ba ta yi aikin da na tura ba, ina yi mata faɗa tana sunkuyar da kai ba ta cewa uffan. Sai wata ƙawarta ce ta same ni a bakin ƙofa ta ce, "Mushe, gidansu ko rediyo babu." Kunya ce ta ɗaga mata hannu, ni kuma na ɗora mata laifin lalaci. Tun daga ranar, ƙaramar takarda nake rabawa, kowa ya rubuta shi kaɗai ya naɗe: wace irin waya ce a gidan, ta wane ne, ƙarfe nawa take samuwa, akwai kuran ko babu, akwai rediyo ko babu. Ke kaɗai za ki karanta, ki ajiye a jakarki.

Gurup ɗin WhatsApp ba sai kin rufe shi ba. Ki dai juya tsarin. Abin da za ki tura da dare, ki rubuta shi a tablo da safe kowa ya kwafa, gyaran ma a yi shi a aji, sai gurup ya zama wurin maimaici kawai. Kuma ki sa lambobin iyaye ko yayyen da suka amince, don a gurup kowa yana ganin lambar kowa, 'yan mata masu shekara goma sha huɗu zuwa sha shida kuwa bai kamata lambarsu ta riƙa yawo ba. Kada ki taɓa saka makin yara a ciki.

Yanzu batun kayan da ke kulle. Ina so ki san abubuwa biyu da aka riga aka gwada, don su ne suka gyara mini tunani. A ƙasar Peru gwamnati ta raba wa yaran firamare na karkara kwamfutoci ƙanana, kowane yaro da tasa, a shirin One Laptop per Child. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka auna makarantu 319, sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma a lissafi da karatu ba su fi waɗanda ba a ba ba. An ba da na'ura, ba a ɗaura ta da darasin malami ba. Na biyu kuwa a ƙasarmu aka yi shi, har da jiharmu. A 2009 da 2010, a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Zinder, ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya, a wani shiri da aka kira ABC. A rabin ƙauyukan an ƙara koya wa ɗalibai amfani da ƙaramar waya mai maɓallai, mutum biyar suna tarayya kan waya ɗaya. Binciken da Jenny Aker ta jami'ar Tufts ta yi da abokan aikinta ya nuna waɗanda suka yi da waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Waya ce mafi arha, kuma ta karɓa-karɓa, amma akwai malami a tsaye, kuma abin da ake yi da ita shi ne dai darasin da ake koya. Don haka kada ki raina tablet goma. Sun isa, in an tsara.

Ga lissafin. Yara 78 kan tablet 10, kusan takwas kenan kan kowace ɗaya. Wannan ba zai yi ba: biyu za su taɓa, biyu su leƙa, huɗu su yi hira. Ki raba ajin biyu. Yara 40 su zauna huɗu-huɗu kan tablet, da takardar tambayoyi a gabansu wadda dole su cika, sauran 38 kuma su matso gaban tablo ki yi aiki da su ke da kanki. Bayan minti ashirin da biyar a yi musanya. In aka lura da kyau, babbar ribar ma tana wajen tablo, don yaushe rabon da ki samu aji na 38 da za ki iya duba kayen kowa? In kin raba su bisa ƙarfinsu, masu rauni su fara zuwa wurinki su ji bayani, sannan su je su gwada.

Wurin da na fi so ki sa ido shi ne hannun da ke riƙe da tablet. In kika bar yara su zaɓa, wanda ya saba da waya a gida shi zai fizge ta, da kyakkyawar niyya ma, don ya fi sauri, sauran su zama 'yan kallo. Kin ga bambancin gida ya biyo su har cikin aji. Ki ɗauko takardun nan da suka naɗe miki, ki tsara rukunan da kanki ba tare da kin faɗi dalili ba. A makonnin farko wanda babu waya a gidansu shi ne mai riƙewa. Gwanin kuma ki ba shi aikin bayani da baki, hannunsa a bayansa. Na uku ya rubuta amsa, na huɗu ya tashi ya faɗa wa aji abin da suka gano. Bayan wata ɗaya sai aikin ya riƙa zagayawa. A farko ki ware rukunan 'yan mata daban, don na sha ganin yarinyar da ta fi kowa lissafi tana janye hannunta da zarar namiji ya miƙo nasa.

Ba kya buƙatar intanet a aji, kuma ni ban ma so ki sa shi. Forfe zai cinye kuɗin makaranta, rezo zai yanke ana tsakiyar darasi, yara kuma za su ɓace cikin wasu abubuwa. Akwai manhajoji na kyauta da aka yi su musamman don wurin da babu intanet. Kolibri, ta ƙungiyar Learning Equality, ana sa ta a kwamfutar hannun nan taku, a haɗa ta da ƙaramin akwatin wifi wanda ba a saka masa kuɗi ba, sai tablet duka goma su shiga cikinta kamar sun shiga intanet, alhali abin bai fita daga ɗakin ba. A cikinta ana iya sauko da darussan Khan Academy na Faransanci, bidiyo da atisaye, kuma tana nuna wa malami tambayar da yara suka fi faɗuwa a kai. Sai dai tsarin darussan ba na Nijar ba ne, ke za ki zauna da manhajar karatunmu ki tsince abin da ya dace da turwaziyam. Kiwix kuma tana ɗauke da Wikipedia ba tare da intanet ba, har da ta Hausa, da Vikidia wadda aka rubuta da Faransanci mai sauƙi don yara. Abokan aikinki masu koyar da fizik da shimi su nemi PhET ta jami'ar Kolorado, gwaje-gwajen ɗakin bincike ne a kan allo, ga makarantar da ba ta da ko kwalbar gwaji ɗaya. Sau ɗaya ake saukar da waɗannan abubuwa, inda rezo yake da ƙarfi, daga nan sai a riƙa kwafa da kile USB daga malami zuwa malami. Ki tambaya a taronku na malaman lissafi, ko wurin ɗaliban Jami'ar André Salifou, da wuya ki rasa wanda ya riga ya sauke.

Ke da kike lissafi, GeoGebra, manhajar zanen lissafi, ita ce abokiyarki. Bari in ba ki abin da na gani da idona a wani aji, ranar darasin Thalès, ƙa'idar nan ta rabon gefunan alwatika. Shekara da shekaru muna zana alwatika ɗaya a tablo, mu ja layi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, mu rubuta AM/AB = AN/AC, yara su haddace kamar karatun allo, ranar jarrabawa a juya zanen su rikice. Ranar nan malamin ya zana shi a GeoGebra, ya sa lambobin rabon biyu suna bayyana a gefe. Wata yarinya, wadda ranar ce ta fara taɓa irin wannan allo, ta ɗora yatsa kan ɗigon M tana tsoro kamar zai ƙone ta. Ta ja shi sama, lambobin biyu suka sauka tare. Ta ja ƙasa, suka hau tare. Ta ja kusurwar A har alwatikar ta kife, suka ƙi rabuwa. Sai ta ɗago kai ta ce da Hausa, da ƙarfi, ta manta a aji take, "Wallahi ba sa rabuwa!" Malamin ya ce to ta karkata layin MN kaɗan ta gani. Ta karkata, lambobin suka rabu nan take. A minti biyar ta gane abin da ya sa sharaɗin layukan su tafi kafaɗa da kafaɗa yake cikin ƙa'idar, abin da na sha kwashe mako guda ina bayani. Gani ya kori ji. Daga nan aka kife tablet, kowa ya ɗauki kaye da bik da rula, don ranar BEPC takarda ce za ta karɓe su. Kada ki bar darasi ya ƙare a kan allo, ko da yaushe ya sauka cikin kaye.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke kashe yawancin irin waɗannan shirye-shirye. Kin san yadda kuran yake yi mana daga Maris zuwa Mayu, daidai lokacin da ake tsananin bita. Kin kuma tuna Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Shirin da ya dogara da soket na bango kaɗai ba zai kai ƙarshen shekara ba. Abin farin ciki, kayanku ba su da ci. Batirin tablet ɗaya yana ɗaukar abin da bai wuce Wh 20 zuwa 30 ba (Wh shi ne ma'aunin yawan wuta), goma kenan Wh 300 in sun yi yawa, kwamfutar hannu kuma ta ƙara kamar 60. Fano ɗaya, wato farantin sola, na wat 100, a hasken ranar Damagaram, yana iya ba da Wh 400 ko fiye a yini in yana da tsabta. Batir na 12V 100Ah yana riƙe Wh 1200, amma in mai dalma ne rabi kawai ake sha, in ana zuƙe shi ƙarƙaf ba zai yi shekara ba. Kin ga fano ɗaya, batir ɗaya da regilate (na'urar daidaita caji) sun ɗauki nauyin kayan. Abokan gabarsu biyu ne, ƙura da zafi. Lokacin hunturu a goge fano da sassafe da tsumma mai taushi, kuma a sa yara biyu su riƙe wannan aiki. Batir da tablet a ajiye su a inuwa, cikin akwati mai shan iska, kada a yi caji a ƙarƙashin kwano da tsakar rana. In akwai azuzuwan zana a makarantarku, batir da wayoyin wuta kada su kusance su ko kusa. Ba mu manta da yaran da gobara ta cinye a irin waɗannan azuzuwa a Yamai da Maraɗi a 2021 ba.

Darakta kuma kada ki ɗauke shi mugu. Tsoro yake ji: kayan an rubuta su da sunansa, in ɗaya ta fashe shi za a tambaya. Ki je masa da takarda a rubuce, wadda kwamitin gudanar da makaranta (COGES) da ƙungiyar iyaye za su sa hannu: ranakun da kayan za su fita, wanda zai karɓa, wanda zai mayar, da cewa abin da ya lalace cikin aiki ba a kan mutum ɗaya yake ba. A manna lamba 1 zuwa 10 a bayan kowace tablet, kowane rukuni da tasa. Ki kuma gaya masa gaskiyar da mutane da yawa ba su sani ba, cewa batirin da aka bar shi watanni ba caji yana mutuwa a cikin kwalinsa. Na taɓa buɗe kabad a wata makaranta na tarar da tablet sababbi fil, ledarsu ma ba a ɓare ba, wasu batirinsu ya kumbura har ya ɗaga gilashi. Ba yaron da ya taɓa amfana da su. Abu ɗaya dai zan ja kunnenki a kai: kada a ce kowane yaro ya kawo kuɗin caji ko na gyara kafin ya taɓa. Wanda zai kasa biya shi ne dai wanda aka yi abin dominsa.

To, me zai bi yaro gida? A 2020, da aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni saboda korona, mun ga iyakar abin da intanet zai iya yi mana. Abin da ya fi isa gidaje shi ne takarda, rediyo da ƙaramar waya. Ki yi amfani da wannan. Ki ɗauki muryarki a waya, minti uku zuwa biyar, kina bin atisayen da ke cikin kayensu layi-layi: "Ku buɗe inda muka tsaya yau, ku ɗora yatsa kan layi na biyu." Murya ba ta da nauyi, bidiyo mai tsawonta ɗaya ya ninka ta sau goma ko fiye, kuma in kika mai da ita MP3 kusan duk ƙaramar waya mai katin memori za ta buɗe ta. Ana tura ta da Bluetooth kyauta, daga waya zuwa waya, kamar yadda wa'azi da waƙoƙi suke yawo a gari ba wanda ya sayi forfe. Kalmomin lissafin ki bar su da Faransanci yadda za su gan su a jarrabawa, bayanin kuma ki yi shi da Hausa. Yara da yawa da muke cewa ba su iya lissafi ba, Faransancin tambayar ne ya tare musu hanya. In akwai waɗanda Barbarci ko Fulatanci ya fi zama musu, ki nemi babban ɗalibi ya maimaita musu. Wannan muryar za ta kuma taimaki yaron da idonsa ba ya ganin tablo sosai.

Waɗanda ko ƙaramar wayar babu, ki haɗa su da maƙwabtansu. Ki duba unguwanni, 'yan Birni, 'yan Zango, 'yan Sabon Gari, 'yan Garin Malam, ki ɗaura uku ko huɗu da gidan da ke da waya, su saurara tare bayan la'asar. Na 'yan mata sai kin bi ta wurin iyaye mata, a san gidan da za su zauna da lokacin da za su koma. Uwa in ta ji muryar malama ce da kunnenta, ta fi sakin wayar. Haka nan safiyar Asabar, in darakta ya yarda, a buɗe aji na sa'a biyu, kuma waɗanda ba su da komai a gida su ne farko a layi. Ki tambayi 'yan matan da kansu lokacin da ya fi musu, kada ki yanke musu, don su suka san sa'ar da ruwa yake zuwa unguwarsu.

Daga ƙarshe ki auna, tunda ke mai lissafi ce. Wannan makon ki yi musu gajeren gwaji a takarda, tambaya goma, ki fitar da matsakaicin makin yaran nan 23 daban, na sauran 55 daban, ki rubuta tazarar da ke tsakani a bayan kayenki. Bayan mako shida ki sake irinsa. Matsakaicin ajin gaba ɗaya zai iya hawa alhali tazarar tana ƙara faɗi, shi ya sa ita za ki duba. In ta ragu, ki ci gaba. In ba ta ragu ba, ki zauna a bayan aji rana ɗaya ki ƙirga minti nawa kowane yaro ya riƙe tablet da hannunsa, ki kuma kira biyar daga cikin 55 ɗin ɗaya bayan ɗaya ki tambaye su ko muryar ta isa gidansu, a wayar wa suka ji ta, kuma da ƙarfe nawa.